Jami'ar Maraɗi: tsari ba ya tsayawa a kan kasafin shekara guda

A 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, sannan a 2014 ta ƙara huɗu a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Talakawan Tasawa da Mayahi sun yi maraba, domin a da ɗan manomin da ya ci jarrabawar bakaloreya sai ya nufi Yamai, inda jami'ar da aka aza tubalinta a 1971 ta cika ta batse. Yanzu Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana kusa da gida. Sai dai tana fama da cutar da ta daɗe tana cin ta Yamai, wato rashin iya tsara aikinta na shekaru masu zuwa.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Shugaban jami'a yana iya rubuta tsarin shekara biyar, amma abubuwa uku da tsarin ya dogara a kansu ba a hannunsa suke ba.

Na farko kuɗi. Kasafi na shekara guda ne, kuma ana sakinsa kashi-kashi daga baitulmali a Yamai. Wanda bai san abin da zai samu baɗi ba, ba zai iya yin alkawarin ɗakin gwaje-gwaje ko ɗaukar malamai ba. Ƙasar nan ta ga haka a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, littafi da kayan aikin da ake sayowa waje suka ninka kuɗi dare ɗaya.

Na biyu yawan ɗalibai. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi ce ta biyu a yawan jama'a bayan Damagaram, da mutum kusan miliyan 3.4. Ɗaliban da za su ƙwanƙwasa ƙofar jami'a nan da shekara biyar suna zaune yau a makarantun Tasawa da Mayahi. Ana iya ƙirga su tun yanzu, a tanadi kujeru da ɗakunan kwana kafin su iso.

Na uku shugabanci. Yajin aikin ƙungiyar malamai ta SNECS a 2018 da 2019 ya taso ne kan ko zaɓen shugaban jami'a za a yi ko naɗi, kuma gwamnati ta tsaya kan naɗi. Wanda takardar majalisar ministoci ke iya saukewa gobe, da wuya ya dasa abin da sai bayan shekara goma zai yi 'ya'ya.

Asarar tana kan uban da ya sayar da hatsinsa a kasuwar Mayahi don ɗansa ya gama digiri a shekara uku, amma jinkirin kuɗin tallafi da yajin aiki suka ja karatun ya wuce haka.

Wajibi ne hukuma ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da kowace jami'a, mai kasafin shekara uku zuwa biyar, a ba shugabanta wa'adin da ba a yankewa sai da laifi, kuma a buga lissafin kowace shekara a fili. Ita ma Jami'ar Maraɗi ta zaɓi abin da za ta fi ƙarfafawa: tsangayarta ta aikin gona tana tsakiyar ƙasar gero, wake da gawo, kuma manoman wannan yanki suna jiran amfaninta.