Lauyan da bai taka kasuwa ba, me zai faɗa wa alƙali?

Jama'a, yau za mu taɓo maganar da ƴan kasuwa ba su cika son a tayar ba: rigimar dukiya idan aure ya mutu, da irin lauyoyin da muke ɗauka a kanta.

Kowa ya san yadda dukiyarmu take. Shago a Maraɗi, sito a Jibiya, bashi a hannun abokin ciniki a Illela, rabi sefa rabi naira. Sau da yawa jarin uwargida na ciki: ta sayar da zinariyarta ko ta kwashi adashi ta ba maigida ya juya, babu takarda, sai shaidar dillali ko yaron shago. A Musulunci dukiyar mace tata ce, saki ba ya cinye ta. A Nijar kuwa, dokar tsarin kotuna ta 2018, kamar ta 2004 da ta gabace ta, ta ce alƙali ya bi al'adar ma'aurata kan aure da saki. Amma alƙali da abin da aka kawo gabansa yake hukunci.

To, a nan gizo ke saƙar. Lauya ya karɓi kuɗinsa ya zauna ofis a Yamai. Bai nemi littafin bashi ba, bai ga sarkin kasuwa ba, bai duba takardun duwan ba, balle sunan da ke kan rajistar shagon. Ranar shari'a maigida ya ce rufe iyaka na 2019 ya cinye jarin, babu mai musa masa. Baiwar Allah ta fita da kwanukanta kawai. Maza ma ba su tsira ba: akan ƙirga kayan amanar wani cikin nasu, don lauyansu bai tambaya ba.

Mu dai ba mu yarda a kira wannan ƙaddara ba. Sakaci ne, kuma ana iya bin kadinsa. A Najeriya dokar aikin lauyoyi ta 1975 ta ba da damar neman diyya daga lauyan da sakacinsa ya jawo asara, ban da abin da ya yi a gaban alƙali. A Nijar ana kai kuka wurin shugaban ƙungiyar lauyoyi.

Mu da ba ma sayen buhun gero sai mun soka masa ƙarfe mun ga ƙwaya, kafin mu biya lauya ko dala ɗaya, ya gaya mana ranar da zai zo kasuwa da mutanen da zai gani, kuma a rubuce.