Ƙoƙon Kan Barewa A Bangon Falo

A Amurka, maharbi kan kawo kan barewar da ya kashe gida, ya dafa shi a hankali, ya kankare naman, ya shafe ƙashin da sinadari har ya yi fari fat, sannan ya rataye shi da ƙahoninsa a bango. Abin tinƙaho ne, babu musu. Sai dai ƙwaƙwalwar da yake watsarwa a juji na iya ɗauke da cutar ramar barewa, wadda aka fara gani a jihar Kolorado a 1967, kuma tafasa ba ta kashe ta. Jihohi da dama sun hana shigo da kan da ba a tsabtace ba. Maharba na gunaguni, amma ni ina bayan dokar, domin cutar kan yi shekaru a cikin ƙasa tana jiran barewa mai kiwo.