Kira ga Hukumomin Ilimi na Kano: A Shigo da Rubutun Unguwa Cikin Aji

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano, da Shugaban Hukumar SUBEB.

Ranku ya daɗe, mu iyaye da malaman unguwar Kabara ne muke miƙo kokenmu.

Unguwarmu sunan malami ta ci, Malam Umaru Kabara, kuma a nan Shehu Nasiru Kabara ya yi ta karantarwa da wallafa littattafai har rasuwarsa a 1996. Shi ya sa abin ke yi mana ciwo idan muka ga ɗan aji huɗu da an buɗe littafi sai ya sunkuyar da kai, a ce masa daƙiƙi. Alhali yaron nan shi ne zai tsaya yana haɗa baƙin da aka rubuta a bayan a-daidaita-sahu, ya kuma binciko sunan kawunsa a katin ɗaurin aure. Ba karatu yake gudu ba, littafin ne ba ya magana da shi.

Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, mun kuma yaba. Roƙonmu ba ya cin kuɗi. A ware darasi ɗaya a mako, a rubuta shi cikin jadawali, domin malami ba zai yi abin da sufeto zai ɗauka wasa ne ba. A darasin, yara su zo da abin da ke gidajensu: kwalin magani su nemo ranar lalacewarsa, takardar kuɗin wuta, tsohuwar jaridar Aminiya da aka ƙunshe ƙosai a ciki.

Ku dubi takardar kuɗi kaɗai. Naira 20 tana ɗauke da hoton Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ga darasin tarihi nan. Naira 200 da 500 da 1000 kuwa akwai ajami a jikinsu. Yaron da ke zuwa makarantar allo, wanda kullum shi ne na baya a boko, ran nan shi zai riga kowa ɗaga hannu. Wanda ya taɓa ɗanɗana wannan, da wuya ya sake ɓuya a bayan aji.

Muna roƙon a ba malamai ɗan horo kan hanyar, a gwada ta zango ɗaya a firamaren da ke kewayen Kabara, sannan a turo sufetoci su saurari karatun yaran da kunnensu. Tattaro kayan kuwa, mu iyaye mun ɗauki nauyinsa.

Allah Ya taimake ku, Ya yi muku jagora.