Santsin Damina Da Ƙananan Motoci

Jama'a, duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Kano ko Jibiya ya san ruwan farko ya fi kowane haɗari, gama yakan kwaɓa ƙura da baƙin man da ya ɗiga bisa kwalta tun rani.

Malamai suna tambaya, shin na'urorin hana sulɓi na ƙananan motoci suna da amfani? Lalle suna da shi. Iri biyu ne. Ta farko, in taya tana juyawa a banza, sai ta rage ƙarfin inji. Ta biyu, watau ESP, in mota ta kauce daga inda sitiyari ya nufa, sai ta kama birkin taya ɗaya, motar ta komo hanya. A 1997 ƙaramar Marsandi A-Class ta kife wajen gwaji a Suwidin, kamfanin ya sanya wa kowacce ESP. Tun Nuwamba 2014 Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin motoci.

Amma fa na'ura da taya ta dogara. Wanda ya ɗaura suɗaɗɗun tayoyin gwanjo, ya shiga kwana a guje, ba ta da abin da za ta kama ƙasa da shi. In zanen taya ya gaza milimita 1.6, a sake ta. In fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa, a gyara, kada bakanike ya cire ƙwan.

To, malam, taya ta fi ranka tsada ne? Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah Ya kiyaye.