Jiki Magayi: Manomin Rani da Hawan Sukari

Tun daga shekarar 1974 da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, ƙasar Kura da Bunkure ta rabu da zaman rani. Ruwa na bin magudanai har Kadawa, ana noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa ba hutu. Manomin wannan yanki gwani ne wajen karanta alamu, domin da ya ga ganyen shinkafa ya yi rawaya ya san taki take nema. Abin takaici shi ne, wannan gwani, idan yana ɗauke da ciwon sukari, sau da yawa yakan kasa karanta alamun jikinsa.

Dalili kuwa shi ne, sana'arsa tana ba kowace alama uzuri. In ƙishirwa ta dame shi sai ya ce zafin rana ne. In ya gaji sai ya ɗora wa fartanya laifi. Kasala kuwa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, tunda ruwa na kwance ko'ina. Da haka cuta take samun mafaka.

Bayanin likitoci a nan a fili yake. Idan sukari ya haura kimanin 180 a awon jini, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya janyo ruwan jiki ya fita da shi. Wannan ke sa mutum ya yi ta tashi fitsari cikin dare, maƙogwaro ya bushe, wani lokaci har tururuwa ta taru inda ya tsuguna. Tunda jiki ya kasa amfani da sukarin, sai ya koma cin kitsensa da namansa, mutum na ci yana ramewa. Gani ma kan yi hazo-hazo.

Ƙishirwar rana ruwa ke kashe ta, ta sukari kuwa ko an sha tulu guda tana nan. Mafi muni shi ne a tare ta da lemon kwalba ko rake ko zoɓo mai zaƙi, wato a kashe gobara da kananzir. Haka nan wanda ke wuni cikin ruwa ba takalmi, ya kamata ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin sukari na kashe jijiyoyin ji. Ƙaya kan shiga ba a sani ba, ta zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa.

Sai dai kuma alama ba hukunci ba ce. Sukari kan hau shiru ba tare da jiki ya nuna komai ba. Rawar jiki da gumi da yunwar farat ɗaya kuwa, galibi faɗuwar sukari suke nunawa, musamman ga mai shan magani da ya shiga gona bai karya ba. Awo kaɗai ke raba gardama. Amma idan amai da ciwon ciki da numfashi mai nauyi suka haɗu, ko hankali ya fara gushewa, ba a jiran gari ya waye, sai asibiti.

Saboda haka ya dace ƙungiyoyin manoman rani su tanadi na'urar awon sukari kamar yadda suke tanadin taki da iri. Ɗalibin Hausa ma yana da nasa rabon aikin, wato fassara wannan ilimi cikin harshen da manomi zai gane, a rediyo da kasuwa da dandali. Hausawa sun ce jiki magayi, amma faɗarsa ba ta amfani sai ga mai saurare.