Mun San Kara, Ba Mu San Daniski Ba

Jama'a, yau ƙorafina a kanmu ne, mu Hausawan Potiskum. Wasunmu nan aka binne kakanninsu, amma tambayi mutum ina Daniski, dutsen da Bolewa suka zauna kafin su sauko Fika, sai ya yi zuru. Dillalan kara kuwa ya san su kaf! Tun 1924 aka dawo da fadar Moi Fika garin nan, ba mu taɓa neman ganin inda ta taso ba, sannan a kira mu baƙi mu ji haushi. Wai yawon kufai aikin Turawa ne. Haba! Mota ɗaya ce, da dattijon Bolewa mai ba da labari. Ni dai Asabar zan tafi, saura kujera huɗu.