Kututturen Maraɗi da gawayin shayinmu

'Yan'uwa matasa, akwai wata tsohuwar gardama a Turai da ta shafe mu fiye da yadda muke zato. A 1973 Arne Naess, masanin falsafa ɗan Norway, ya fito da ra'ayin cewa itace da tsuntsu da kogi suna da darajar kansu, ko sun amfani mutum ko a'a. Da yawa cikin masu irin wannan ra'ayi sun zargi Kiristanci da koya wa Turawa ɗaukar duniya kamar gadon gidansu. Kiristoci kuwa suka ce a'a, a Littafin Farawa tsaron lambu aka ba Adamu, amana ce. Paparoma Francis ma ya tsaya a kan haka cikin wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015, inda ya soki ɗabi'ar saye da yarwa.

Ni dai a gonakin Maraɗi nake auna maganar. Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa. Wajen 1983 ya lura cewa tohon da manoma ke sarewa kafin shuka daga kututture mai rai yake fitowa, saiwarsa na can ƙasa. A zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi, a sassabe sauran, a tsare su. Sassabin zamani ke nan. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar.

Shi bangaskiyarsa ta riƙe shi a aikin. Manoman kuwa, galibinsu Musulmi, sun bar gawo ne don yana zubar da ganye da damina, gero ya samu taki da rana, dabbobi su ci 'ya'yansa da rani. Ƙila Naess ya ce wannan son kai ne. Ni ban ga laifinsa ba, tunda itacen na tsaye.

Inda abin ke ci mini rai, mu ne na birni. Muna yaba manomi a Facebook, amma gawayin shayinmu na fada da itacen girkin gidajenmu a Yamai da Damagaram, daga wane daji motoci ke kwaso su? Wa ya taɓa tambaya?

Ga leda. Tun 2014 aka yi dokar hana ta, amma dubi rassan ƙaya a bakin kowane gari. Jiya na sayi tumatir da albasa da tattasai, aka ba ni leda uku. Wallahi karɓa na yi, ban ce uffan ba.